Sababbin Hanyoyin Addu'ar Taro a Lokacin Azumin Kirista

Duk shekara, daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista, Kiristoci da yawa, musamman Katolika da Angalika, kan shiga lokacin tuba na kwana 40, ban da ranakun Lahadi. Ginshiƙansa uku ne, wato azumi da sadaka da addu'a. Azumi da sadaka mutum yana iya yin su a ɓoye, amma addu'ar taro sai da jama'a, kuma a kanta ne ake ja-in-ja. Matasa na son a gwada sabon salo, dattawa kuwa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Haƙiƙa tsoron dattawa ba na banza ba ne. Tsohuwar da ba ta yi karatu ba, amma ta haddace addu'o'in Hanyar Gicciye, zango 14 cif, in aka sauya mata su dare ɗaya, an mayar da ita baƙuwa a majami'arta. Sai dai a tuna, abin da ake kira tsoho yau, jiya sabo ne. Littafi Mai Tsarki bai fito cikakke da Hausa ba sai a 1932. Haka kuma sai da babban taron Batikan na biyu ya zauna, daga 1962 zuwa 1965, sannan aka buɗe wa harsunan jama'a ƙofa a sujadar Katolika, alhali kafin nan Latin ne ya mamaye ta. Ke nan addu'a da Hausa ita kanta gwaji ce da ta yi nasara.

Saboda haka bai kamata a tsaya kan tsufa ko sabunta ba. Ma'aunin da ya dace shi ne, shin wannan hanya tana buɗe bakin wanda a da yake shiru? Misalai biyu sun isa. A ƙauyen Taize na ƙasar Faransa, inda Ɗan'uwa Roger ya sauka a 1940, akan rera gajeruwar waƙa mai layi ɗaya ko biyu, a yi ta maimaitawa, sannan a yi shiru na ɗan lokaci. Ba a bukatar takarda, don haka makaho da wanda bai je makaranta ba duk suna ciki. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga kunnen da ya saba da amshi a waƙar daɓe da ta niƙa. Na biyu shi ne Ranar Addu'a ta Duniya, wadda ake yi a Jumma'ar farko ta watan Maris, galibi cikin azumin. Matan wata ƙasa ke tsara addu'ar kowace shekara, a taru ba tare da bambancin ɗariƙa ba, kuma tsarin 2026 na matan Nijeriya ne.

Azumin 2020 ya ƙara fito da lamarin fili. Annobar korona ta sa an rufe majami'u, har Paparoma Francis ya yi addu'a ranar 27 ga Maris a dandalin Waliyyi Bitrus babu taron jama'a. Iyalai suka koma yin sujada a tsakar gida, wasu ta rediyo, wasu ta wayar hannu. Addu'ar gida ta ba yara da mata damar ja-gora. Ta waya kuwa ta bar marar kuɗin kati a baya. Ga sababbin hanyoyi biyu, ɗaya ta tara, ɗaya ta ware.

Nan ne aikin masu nazarin Hausa ya shigo. Addu'ar da aka juyo kalma da kalma daga Turanci takan yi wa harshe nauyi, ta ƙi zama a ka. Ana bukatar masu sanin kari da amsa-amo su zauna da limaman coci da ƙungiyoyin zumuntar mata, a tace kalmomin har su shiga bakin kowa. Kwana 40 sun isa a gwada abu a ga amfaninsa. A gwada, amma a riƙa waiwayen tsohuwar da ke zaune a benci na baya. In bakinta na motsi, hanyar ta yi. In ta yi jugum, sai a sake shiri.