Ƙananan motocin ƙarfe: In za mu tara, mu tara na hanyarmu

Akwai wani dattijon bakanike a unguwarmu nan Tamanrasset, mutumin Damagaram, ya fi shekara talatin yana kwance injin Toyota yana ɗaurawa. A garejinsa, saman inda yake rataye kayan aiki, ya kafa wani katako ya jera ƙananan motocin ƙarfe kamar ashirin. Ran nan muna zaune ana shan shayi, sai wani saurayi ya ɗaga kai ya gan su, ya yi dariya ya ce, "Baba, har da kai, da girmanka?" Dattijon bai tanka ba sai da ya goge hannunsa. Ya ɗauko wata 'yar Berliet wadda fentinta ya koɗe, ya ɗora wa saurayin a tafin hannu, ya ce, "Yaro, irin wannan ce ta kawo ni garin nan. Mahaifinka fa, a wace ya zo?" Saurayin ya yi shiru, don bai taɓa tambaya ba.

Tun ranar nake juya wannan magana. Ra'ayina shi ne, tara ƙananan motoci ba abin kunya ba ne ga babba, kuma ya fi dacewa da mu mazauna wannan gari fiye da mutane da yawa. Amma da sharaɗi: mu tara motocin da suka bi hanyarmu, waɗanda za mu iya ba da labarinsu, mu bar tseren sayen abin da muka gani a waya.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Waɗannan motoci zubi ake yin su. Kamar yadda masu zubin tukwane suke narka ƙarfe su zuba a mazubi, haka nan, sai dai a masana'anta inji ne ke tura narkakken ƙarfen da ƙarfi. Ƙarfen gami ne da ake kira zamak, mafi yawansa tutiya ce da ɗan alminiyam. Shi ya sa suke da nauyi a hannu, ba kamar na roba da ke fashewa kafin a ci tuwon sallah ba. Dinky Toys ta fara a Ingila a 1934. Matchbox ta biyo baya a 1953, sunanta ma daga kwalin ashana ne, don a irin wannan ɗan kwali ake sayar da su. A Faransa, 'yan gidan Véron suka kafa Norev a 1946, wato sunan gidansu ne aka juya, sannan Émile Véron ya kafa Majorette a 1961 a yankin Lyon. Hot Wheels ta kamfanin Mattel na Amurka ta fito a 1968, Tomica ta Japan kuma a 1970.

Masu tarawa ba jerawa kawai suke yi ba, gwadawa suke yi, kuma nan daɗin abin yake. Ka ɗauki mota ka kifa ta, ka karanta cikinta. Za ka ga sunan kamfani, da sunan motar da aka kwaikwaya, da ƙasar da aka ƙera ta, sau da yawa har da ma'auni. In ka ga 1/64, ana nufin an rage motar gaske sau 64: mota mai tsawon mita 4.8 ta koma santimita 7.5. In 1/43 ce, ta koma kamar santimita 11. A nan ne sabon shiga ke ruɗewa, don kamfanoni sukan yi motocin wasa da tsawo kusan ɗaya saboda su shiga kwali iri ɗaya. Sai ka ga babbar mota da ƙaramar mota kai ɗaya, alhali babbar wataƙila 1/100 ce. Duk yaron da ya gane wannan, ya gane darasin kashi da malamin lissafi ke fama da shi a aji.

Kowane kamfani da halinsa. Hot Wheels gudu aka yi ta domin shi, tayoyinta sulɓi, fentinta ƙyalƙyali, kuma da yawa daga cikinsu siffofi ne da babu su a kan titi. Matchbox ta fi karkata ga motocin aiki yadda suke a zahiri. Majorette an san ta da ƙofa ko bonet mai buɗewa, da 'yar sifirin da in ka danna motar sai ta lotsa ta dawo, da ƙugiyar jan tirela. In ka ga tsohuwar Majorette an rubuta Faransa a cikinta, ka riƙe ta, don daga baya aikin ya koma Tailan. Haka Matchbox mai sunan Lesney da Ingila, wannan kamfani ya durƙushe tun 1982. Ga kuma gargaɗi ga mai saye: shekarar da ke rubuce a cikin Hot Wheels ta rajistar siffar ce, ba lallai ta zama shekarar da aka ƙera wadda ke hannunka ba. Kada wani ya nuna maka tsohuwar shekara ya tsuga maka kuɗi.

To, me ya sa na ce abin ya fi dacewa da mu? Saboda tarihin garin nan na ƙarni guda, tarihin mota ne. Kafin mota raƙumi ne, ayari ne tsakanin Hoggar da Ayar da ƙasar Hausa. Daga 17 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Janairu 1923 motocin Citroën biyar masu sarƙa a baya suka tashi daga Touggourt suka ratsa hamada har Tambutu. A 1957 Berliet ta fito da T100 domin filayen man fetur na Sahara, guda huɗu kawai aka ƙera, ana yi mata kallon babbar motar da ta fi kowace girma a duniya a lokacin. A 1959 zuwa 1960 ayarin motocin Berliet ƙirar Gazelle ya ratsa Tenere. Kamfanin Dinky na Faransa har ya yi ƙaramar Berliet ta Sahara, wadda masu tarawa ke nema har yau. Ba na ɓoye cewa waɗannan motoci kayan aikin mulkin mallaka ne, sun zo neman hanya da arzikin ƙasa ne. Wannan ma yana cikin abin da ya kamata yaro ya ji daga bakin babansa in ya ɗauki motar.

Bayan 'yancin kai labarin ya zama namu. Masana'antar Berliet ta Rouiba kusa da Aljiyas ta koma hannun Sonacome, wadda daga cikinta SNVI ta fito a 1981. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978, ta Tamanrasset ya bi ya nufi Agadas. A 1980 kuwa babbar motar Sonacome, ƙirar Aljeriya, ita ta zo ta ɗaya a rukunin manyan motoci. Matasanmu nawa ne suka san wannan? A shekarun 1970 da 1980 Turawa sukan koro tsofaffin Peugeot 404 da 504 su kwana a nan, su wuce su sayar a Arlit da Agadas da Yamai. Ita 504 ɗin nan ce aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar Peugeot da ta fara aiki a 1975, har ta zama motar haya da motar ma'aikaci a Kano da Katsina da Maraɗi. Sai Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984, da Hilux, waɗanda ba sai na gaya wa mazaunin Tam ko su wane ne ba. Wanda ya jera Berliet da 404 mai tamfol da 504 da Land Cruiser a kan katako ɗaya, ya rubuta tarihin zuwan iyayensa ba tare da alƙalami ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Na farko, kuɗi. Mutum yana fama da haya da abinci, ga na gida a Kance ko Tasawa ko Daura suna jiran aike, ina shi ina motar wasa? Gaskiya ne. In sayen mota zai taɓa cefane, barinsa ya zama dole. Kuma akwai cuta a cikin wannan sha'awa yadda ake yin ta a ƙasashen waje: mutum ya sayi mota ya ƙi buɗe kwalinta, ya ajiye yana jiran ta yi tsada, ya hana ɗansa taɓawa. Wannan ɓoyon kaya ne irin na 'yan kasuwa, kuma a nan ba ka da kasuwar da za ta biya ka. Shi dattijon da na ba ku labari, motocinsa ashirin a shekara talatin ya tara su, yawanci a cikin tarkacen kayan gwanjo ya tsinto, wasu kuma masu kawo gyara suka ba shi. Mota ɗaya ko biyu a shekara ba ta talauta magidanci. Da yawa daga cikinmu abin da muke zubawa a katin waya a wata ya fi haka.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wani zai ce, hanyar nan ba wasa ba ce, ta ci rayuka. Haka ne. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Tamanrasset suka nufo, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Allah ya jiƙansu. Amma ni wannan ne ma dalilin da ya sa nake son yaro ya san mota tun yana ƙarami, ya san ba abin ado ba ce. A nan, tsakaninmu da In Guezzam kusan kilomita 400 ne, daga can sai Asamaka sai yashi. Taya da ruwa da bakanike nagari su ne tsakanin mutum da ajalinsa. Uban da ya kasa buɗe baki ya faɗa wa 'ya'yansa yadda ya sha a hanya, sau da yawa in an sa masa 'yar mota a hannu, bakin yakan buɗe. Ya nuna inda ake ɗaure jarkoki, da inda mata ke zama, da yadda ake rage iskar taya in an shiga yashi. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin Larabci da Tamashek, wasu Hausar ma tana kuɓuce musu. Duk abin da zai zaunar da su a gaban babba na rabin awa ana hira da Hausa, ni ba zan raina shi ba.

Sai dai akwai abin da nake tsoro, kuma shi ne sharaɗina na biyu. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa ba a saya mana mota ba, mu muka ƙera. Motar kara, motar langa-langa, motar waya mai dogon sitiyari da kake tuƙawa kana tsaye. Gwangwanin madara ko na sardin ya zama bodi, tsohon silifa a yanka shi ya zama taya, marfin kwalba ya zama fitila. Nan yaro ke koyon cewa in gatari ya karkace mota ba ta tafiya daidai, in kaya sun yi sama da yawa sai ta kife. Ka tambayi masu walda da kanikawan garin nan, da yawansu daga nan suka fara. In motar kanti ta shigo gida ta kashe wannan, mun yi asara, ko da katakonmu ya cika. Don haka ni a ganina, ƙaramar Land Cruiser ta Majorette ko ta Tomica ta zama abin kwaikwayo: a ba yaro ya duba ta, ya auna ta, sannan a ba shi gwangwani da waya a ce ya fitar da irinta. In ya gama, a ɗora tasa a kan katakon kusa da ta kamfani, da sunansa da shekarar da ya yi ta. Wannan ce gwadawar da ta fi kowace amfani. Kuma 'yan mata ma a ba su, hannu ba ya da jinsi wajen koyon awo.

Abu biyu na kiyayewa kafin in rufe. Yaron da bai kai shekara uku ba kada a bar shi da su, tayoyin kan cire, kuma komai baki yake kaiwa. Fenti ma abin lura ne: a 2007 kamfanin Mattel da kansa ya janye wasu ƙananan motocin ƙarfe daga kasuwa saboda dalma a fentinsu. In babban kamfani ya faɗa wannan rami, ina ga motar da ba ta da suna ko kaɗan a cikinta? Tsofaffin da fentinsu ke ɓarewa, a bar su a kan katako. Game da ajiya kuwa, bushewar garin nan tana taimako don tsatsa ba ta damun su, amma rana tana cin launi tana busar da tayar roba, ƙura kuma tana shaƙe gatari. A ajiye su a inuwa, a riƙa share su da busasshen burushi.

Shawarata ga duk wanda abin ya ba shi sha'awa: kada ka fara da kanti, ka fara da tambaya. Ka je wurin mahaifinka ko kawunka ko tsohuwarka, ka tambaye su a wace mota suka shigo garin nan, kwana nawa suka yi, a ina suka tsaya shan ruwa. Sannan ka nemi ƙaramar wannan motar, ko a kasuwar Assihar, ko a gwanjo, ko ka ba mai zuwa Aljiyas saƙo. In ba a samu ba, ka zauna da ɗanka ku ƙera ta da gwangwani. Ka rubuta labarin a 'yar takarda ka sa a ƙarƙashinta.

Shi saurayin nan da ya yi dariya, na sake ganinsa a garejin bayan mako biyu. Ya je ya tambayo. Ashe a bayan wata 404 mai tamfol mahaifinsa ya zo, a zaune kan buhunan kaya. Yanzu ita yake nema. Allah ya sa ya samu tun dattawan da za su ba shi sauran labarin suna raye.