Sharhi: Bakin tekun Bioko ya cancanci ziyara, amma wa ake buɗe wa ƙofa?

Duk wanda ya kalli ƙwallo a Tamale a daren 5 ga Fabrairun 2015 ba zai manta da sunan Malabo ba. Ina cikin waɗanda suka cika wani gidan kallo a unguwarmu ta Gumani lokacin da Black Stars ta lallasa mai masaukin baƙi Ikwatoriyal Gini da ci 3 da nema a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. Ɗan garinmu Mubarak Wakaso ne ya zura ƙwallo ta biyu. Sai dai abin da ya fi zama a zukatan jama'a shi ne abin da ya biyo baya: ruwan kwalabe daga 'yan kallo, magoya bayan Ghana sun fake a bayan raga, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a saman fili, wasa ya tsaya sama da rabin sa'a.

Ga yawancinmu, nan saninmu da Malabo ya tsaya. Kaɗan ne suka san cewa birnin yana kan tsibiri ne mai suna Bioko, kuma a kudancin wannan tsibiri akwai wasu gaɓoɓin teku da ba kasafai ake samun irinsu a nahiyar nan ba. Yanzu da arzikin man fetur ke ja da baya, gwamnatin ƙasar ta fara tallata waɗannan wurare ga duniya. Tambayar da ta shafe mu ita ce: a cikin baƙin da ake gayyata, har da mu maƙwabta?

Tsibirin da wuta ta gina

Bioko na da faɗin murabba'in kilomita kusan 2,000, kuma tazararsa da gaɓar Kamaru ba ta wuce kilomita 32 ba. Yana cikin jerin duwatsu masu aman wuta da suka taso daga Dutsen Kamaru suka miƙa cikin teku zuwa Principe, Sao Tome da Annobon. Dutsen Basile da ke bayan Malabo ya haura mita 3,000. Narkakken dutsen da ya kwarara tun zamanin da, ya daskare, igiyar ruwa ta niƙe shi, shi ya sa yawancin rairayin tsibirin baƙi ne kamar garin gawayi.

Wanda ya bar Malabo ya nufi garin Luba, tafiyar kusan kilomita 50, zai fara cin karo da Arena Blanca, wato "farin rairayi" a harshen Sifaniyanci. Sunan kansa ya nuna cewa abu ne da ba a saba gani ba a nan. Ruwansa a kwance yake, bishiyoyi sun yi masa rumfa, kuma a lokacin rani malam-buɗe-littafi kan yi dandazo a wurin. Mazauna Malabo na zuwa shan iska a ƙarshen mako, amma a sauran ranaku masunta ne kawai da jiragensu.

Abin kallo na gaske yana can ƙarshen kudu, a ƙauyen Ureka na ƙabilar Bubi, 'yan asalin tsibirin. A aji nakan tambayi ɗalibaina yawan ruwan saman da Tamale ke samu a shekara, su ce kimanin milimita 1,000. Idan na ce musu Ureka na samun sama da milimita 10,000, sai su ɗauka kuskure na yi wajen ƙara sifili. Ninki goma ne na namu, kuma hakan ya sa ƙauyen yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Afirka. Sakamakon haka kurmi ya sauko har bakin ruwa, koguna na faɗowa daga kan duwatsu kusa da baƙin rairayi, babu otal mai hawa goma, babu hayaniyar mota.

A Ureka da gaɓoɓin da ke kusa da ita, irin su Moaba da Moraka, nau'i huɗu na kunkurun teku ke fitowa cikin dare su haƙa rami su saka ƙwai, galibi daga Nuwamba zuwa Maris. A cikinsu akwai wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya, mai bayan da ya yi kama da fata, wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Dajin da ke bayan gaɓar kuwa, wanda aka keɓe da sunan Gran Caldera, mafaka ce ga wasu birai da ke dab da ƙarewa daga doron ƙasa.

Me ya sa yanzu?

Shekaru kusan talatin Ikwatoriyal Gini ba ta damu da mai yawon buɗe ido ba, domin ba ta buƙatar kuɗinsa. Tun da aka gano rijiyar mai ta Zafiro a 1995, ƙasar ta tashi daga cikin matalauta ta koma sahun waɗanda, a lissafin takarda, suka fi kowa samun kuɗin shiga a Afirka idan aka raba da yawan jama'a, ko da yake talaka bai gani a ƙasa yadda ya kamata ba. An gina tituna da filayen jiragen sama. A Sipopo, gabas da Malabo, an gina rukunin gidaje 52 na shugabannin ƙasashe domin taron Tarayyar Afirka na 2011, tare da katafaren otal da bakin teku da aka ƙera da hannu.

To amma rijiya ta fara ƙafewa. Yawan man da ake haƙowa ya daɗe yana raguwa, faɗuwar farashi ta 2014 ta ƙara tsananta lamarin, tattalin arzikin ƙasar ya shafe shekaru yana tsukewa. A 2024 kamfanin ExxonMobil ya tattara nasa ya nasa ya miƙa Zafiro ga kamfanin gwamnati GEPetrol. A cikin wannan yanayi ne hukumomi suka ƙaddamar da biza ta intanet a Yulin 2023, a ƙasar da a da ake lissafa ta cikin mafiya wahalar shiga a duniya. Ma'anar matakin a fili take: ana neman wata hajar da za a sayar bayan mai, kuma gaɓar teku na cikin abin da ke hannu.

Ba baƙi ba ne mu a can

Dangantakarmu da wannan tsibiri ta girmi ƙwallon ƙafa. Duk ɗan makaranta a Ghana ya san labarin Tetteh Quarshie, maƙerin da ya yi aiki a Fernando Po ya dawo da irin koko, ya shuka a Mampong a 1879. Fernando Po ɗin nan shi ne Bioko na yau. Kokon da ya riƙe tattalin arzikin Ghana fiye da shekara ɗari, wanda kakanninmu na arewa suka yi ta gangarawa kudu domin aikin gonarsa, yana da tushe a wannan tsibiri.

A zamanin mulkin Sifaniya dubban 'yan Najeriya, mafi yawa daga kudu maso gabas, sun yi ƙwadago a gonakin kokon tsibirin, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1942 tsakanin Ingila da Sifaniya. Inda ma'aikata suka taru kuwa, fatake ba sa nisa. Hausawa daga Najeriya da Kamaru sun bi sahu da kayan koli, tufafi da sana'ar nama, har Turawan Sifaniya suka riƙa kiran 'yan kasuwa Musulmi da sunan Hausawa ko daga ina suka fito. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin mulkin Macias Nguema, cin zarafin ma'aikata ya yi muni har Najeriya ta kwashe mutanenta. Duk da haka zuriyar wasu ta zauna, arzikin mai ya jawo sababbi daga Mali, Senegal, Benin, Nijar da Ghana, kuma yau akwai babban masallaci a Malabo da aka buɗe a 2015.

A nan ne maganar ta sha bamban da abin da ke cikin tallace-tallace. Baƙon da ya sauka da fasfo na Turai da kyamara a wuya, ana yi masa kallon mai kawo kuɗi. Wanda ya sauka da fasfo na Afirka ta Yamma, sau da yawa kallon mai neman aiki ba bisa ƙa'ida ba ake fara yi masa, ko da hutu ya je. Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS, saboda haka ɗan Ghana, ɗan Najeriya ko ɗan Togo na buƙatar biza. Tana cikin ƙungiyar CEMAC ta tsakiyar Afirka, kuma a 2017 ta amince da shige da fice ba biza ga 'yan ƙungiyar masu fasfo na zamani, amma 'yan'uwanmu na Kamaru sun san yadda iyakar Kye-Ossi ke buɗewa da rufewa. A ƙarshen 2022 an yi samame kan baƙi marasa takardu, aka mayar da ɗaruruwan 'yan Kamaru gida, da yawansu suna kukan sun bar dukiyarsu a baya.

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnati. Ƙasa ce mai jama'a ƙasa da miliyan biyu, kewaye da maƙwabta masu ɗimbin matasa marasa aiki. Ta ga yunƙurin juyin mulki na sojojin haya a 2004, ta ga harin da aka kai fadar shugaban ƙasa ta teku a Fabrairun 2009. Kowace ƙasa na da haƙƙin sanin wanda ke shigowa cikinta. Sai dai tsaro daban, wulaƙanci daban. Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. An kashe maƙudan kuɗi wajen tabarmar, wato otal da titi, amma matafiyin da aka tsayar a shinge bayan shinge ana juya takardunsa, ko aka hana shi ɗaukar hoto, labarin shingen zai kai gida kafin labarin rairayi.

Kuma ta fuskar kasuwa ma, lissafin bai fita ba. Bature mai neman rana yana da Kef Bad, Zanzibar da tsibiran Kanari, duk sun fi sauƙi da araha. Kasuwar da ta fi kusa da Bioko ita ce Duwala, Kalaba, Fatakwal, Legas, Kwatano da Akara, inda ake da 'yan kasuwa da ma'aikata masu halin tafiya hutu, waɗanda a yanzu Dubai suke nufa.

Darasi daga maƙwabciya

A kan wannan jerin duwatsu, kudu da Bioko, akwai Sao Tome da Principe, ƙasar da ba ta da arzikin mai irin na maƙwabciyarta. Ta daɗe da sassauta biza ga 'yan ƙasashe da dama masu gajeriyar ziyara. A Praia Jale da ke kudancin Sao Tome, mutanen yankin na samun abinci ta hanyar saukar da baƙi da gadin ƙwayayen kunkuru. UNESCO ta sanya tsibirin Principe cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012. Haka kuma Sao Tome na cikin ƙasashe huɗu kacal, tare da Ruwanda, Nijar da Mali, da suka kammala amincewa da yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan zirga-zirgar jama'a ba shinge, wadda ke buƙatar ƙasashe 15 kafin ta fara aiki. Ƙananan tsibirai biyu sun yi abin da manyan ƙasashen nahiyar suka kasa.

Akwai darasi na biyu, wanda ya shafi gaɓar kanta. Kafin tsakiyar shekarun 2010, sai a ƙafa ko a jirgin ruwa ake isa Ureka. Da aka shimfiɗa kwalta daga Luba, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i kaɗan. Mara lafiya ya samu hanyar asibiti, amma mafarauci ma ya samu hanyar daji. Masu bincike na shirin kare halittun Bioko, wanda ya yi shekaru yana gudana a matsayin haɗin gwiwar jami'ar ƙasar da jami'ar Drexel ta Amurka, sun daɗe suna gargaɗi kan farautar birai da kunkuru, duk da dokar 2007 da ta haramta farautar birai. Idan aka buɗe gaɓar ba tare da mutanen Ureka sun zama masu gadi kuma masu cin moriya ba, abin da ake tallatawa zai ƙare kafin baƙin su iso. Mu a arewacin Ghana mun ga misalin haka a Wechiau, inda al'umma ke kula da dorinar kogin Black Volta, da Paga inda kada ya zama hanyar cin abinci saboda mutanen gari sun kare shi.

Ga mai niyyar zuwa

Gani ya kori ji, kuma wanda Allah ya hore masa, Ureka wuri ne da ya cancanci kuɗin jirgi. Amma a tafi da shiri. A nemi biza kafin a tashi, a riƙe katin rigakafin shawara, a yi kwafin fasfo, a nemi takardar izinin yawon buɗe ido a Malabo kafin a nufi kudu domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Kada a ɗauki hoton soja, fada ko ginin gwamnati. Kuɗin ƙasar sefa ce ta tsakiyar Afirka, wadda ta bambanta da sefar Lome ko Yamai. Sifaniyanci ne harshen yau da kullum, Faransanci na taimakawa, kuma wanda ya iya burokan zai fahimci Pichi da ake yi a Malabo. A ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, kada a sayi ƙwai ko naman kunkuru, kada a haska fitila a fuskar uwar da ke saka ƙwai. Sannan kada kowa ya shiga da bizar hutu da niyyar zama neman aiki, domin kuskuren mutum ɗaya kan jawo wa al'umma duka samame.

A Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya je Malabo, aka sa hannu kan yarjejeniyar shimfiɗa bututun iskar gas daga Najeriya zuwa tsibirin. A Janairun 2025 kuma Shugaba Akufo-Addo, kafin ya sauka, ya sanar da cewa Ghana ta buɗe ƙofarta ga masu fasfo na Afirka ba biza. Idan gas zai iya ƙetare teku da yarjejeniya, ya kamata jakadunmu su sa maganar mutane a kan teburi ɗaya: biza mai sauƙi ga mai gajeriyar ziyara, da mutunta waɗanda ke zaune bisa ƙa'ida. Shugabannin al'ummar Hausawa da ke Malabo da Bata su ma suna da rawar takawa wajen rajistar mutanensu da wayar musu da kai.

Ɗalibaina na Gumani, da yawansu ba su taɓa ganin teku ba, ko na Akara da ke nisan kilomita 600. Sun haddace sunan Fernando Po saboda jarrabawa. Fatana shi ne wata rana wani daga cikinsu ya tsaya a baƙin rairayin Ureka da fasfonsa na Ghana a aljihu, jami'in da ya duba shi ya ce masa sannu da zuwa.