Haƙƙin Mai Iyali a Bakin Tasha

Ƙasar Cadi ba ta da layin dogo, saboda haka duk mutumin Injamena da ya yi nufin shiga jirgin ƙasa ba shi da makawa sai ya ƙetare iyaka, misali ya haye gadar Ngeli zuwa Kusuri, ya bi mota ta Marwa da Garwa har Ngaundare, inda layin Kamaru ya tsaya tun 1974, kuma daga can ne jirgi yake tashi da almuru ya kwana yana gudu zuwa Yawunde. A wannan doguwar hanya, tun daga tashoshin mota na Dembe a Injamena har bakin tashar jirgin, akwai wata wahala wadda ba mai saninta sai wanda ya taɓa tafiya da mace da ƙananan yara, ita ce neman inda iyali za su zauna su ci abinci cikin mutunci kafin rana ta faɗi.

Yaro ba ya jiran isha'i. Da la'asar ta yi sakaliya yunwa take kama shi, alhali abincin rana ya ƙare, masu kisar da miyar daraba ba su sauke tukunyar dare ba, bencin mai shayi da na mai gashi kuwa maza sun cika su, matar aure ba ta iya kutsawa. Sai ka ga uwa ta raɓe bayan buhunan kaya, ta ja mayafi, tana gutsura wa 'ya'yanta busasshen burodi cikin ƙura da hayaƙin mota, mijin yana zagayawa da kwano a hannu. In ya dace ya samu, mai sayarwa da ya ji harshensa ya gane baƙo ne sai ya ƙara masa kuɗi, domin ya san gobe ba zai gan shi ba. Wannan ƙarin zalunci ne, ko an kira shi ciniki, gama matafiyi, wato ibnus sabil, Allah da kansa ya lissafa shi cikin mutum takwas masu haƙƙin zakka.

Abin yana yi mini ciwo ƙwarai, musamman da yake garin Injamena, tun yana amsa sunan Fort-Lamy kafin 1973, ya kasance zangon alhazan ƙasar Hausa da Barno masu nufin Makka ta Sudan, waɗanda sukan sauka da matansu da 'ya'yansu, fatoma ya ba su masauki, ya shiga tsakaninsu da 'yan kasuwa.

Abin da nake roƙon masu abincin tasha da shugabannin direbobi bai taka kara ya karya ba: a kafa zana a keɓe wa iyali gefe guda, a shimfiɗa tabarma, a ajiye buta da ruwan sha mai tsabta, a sauke tukunya ɗaya tun la'asar, farashin kuma ya zama ɗaya ga ɗan gari da baƙo.