Da Me Za Mu Adana Abincinmu?

Ya kai mai karatu, ka taɓa buɗe buhun wake ka tarar ƙwari sun huda shi? Ka taɓa ganin doya ko albasa ta tsiro a rumbu tun kafin a kai ta kasuwa? Irin wannan asara manomanmu suke yi kowace shekara. Don gudun haka, wasu 'yan kasuwa sukan zuba wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta, saboda an sami gubar irin wannan magani a jikinsa fiye da ƙima. Waken da aka ƙi a waje kuwa, shi muke dafawa a gida.

Akwai wata hanya da ake kira haska abinci. Akan shigar da abinci cikin wani ɗaki mai kaurin bango, sai a haska shi da hasken gama, wanda yake fitowa daga wani ƙarfe mai suna kobal-60. Ido ba ya ganin wannan haske, amma yana ratsa buhu da kwali. Yana kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, yana kuma hana doya da albasa da dankali tsirowa. Nijeriya tana da irin wannan ɗaki a Sheda, kusa da Abuja.

Mutane da yawa suna tsoron wannan hanya. Da sun ji an ambaci nukiliya, sai su tuna da bam. Suna zaton hasken zai zauna cikin abincin ya cutar da mai ci. Amma ka tuna da wanda aka ɗauki hoton ƙashinsa a asibiti. Haske ya ratsa jikinsa ya wuce, bai koma gida da shi ba. Haka abin yake ga abinci. A shekarar 1980 kwamitin masana na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya uku, ciki har da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya bayyana cewa abincin da aka haska bisa ƙa'ida ba ya zama guba.

Duk da haka, masu suka suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Haskawa takan rage wasu bitamin, kamar B1, ko da yake dafuwa ma tana rage su. Gina ɗakin yana da tsada, kuma ƙaramin manomi ba zai iya kai buhu biyu Sheda ba. Haka nan, haske ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci ya zama mai kyau, ba ya kuma maye gurbin tsabta.

A ganina, haskawa ta fi zuba guba nesa ba kusa ba. Sai dai dole hukuma ta sa ido, a kuma liƙa wa kowane buhu alama, domin mai saye ya san abin da ya saya. Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin ka yanke hukunci, ka tambayi mai sayar muku da wake: da me ya adana shi?