Sabbin Dillalai a Kasuwar Jos

Tun da gobara ta cinye babbar kasuwar Terminus a watan Fabrairun 2002, 'yan kasuwar Jos suka watsu a titin Ahmadu Bello, da Rwang Pam, da sauran lungunan tsakiyar gari. A yau wani kaso na cinikin ya sake yin ƙaura, ya koma cikin wayar hannu. Ɗalibin Jami'ar Jos kan zaɓi takalmi ko turare tun kafin ya taka ƙofar kanti, domin wani tauraro da yake bi a TikTok ko Instagram ya riga ya nuna masa.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, dillanci ne. Mai saye bai san ingancin haja kamar yadda mai sayarwa ya sani ba, don haka yakan nemi wanda ya yarda da shi ya tsaya a tsakani. Matashi yana ganin tauraron kullum, yana jin barkwancinsa, har ya ɗauke shi tamkar aboki, kuma shawarar aboki ta fi tallar rediyo shiga zuciya.

Amfanin abin a fili yake. Mai gwanjo a Katako, ko mai ɗinki a Bukuru, wanda ba shi da ƙarfin biyan talla a talabijin, zai iya kai hajarsa gaban dubban matasa da kuɗi kaɗan, har a yi masa oda daga Bauchi ko Abuja.

Sai dai akwai bambanci tsakanin dillalin jiya da na yau. Dillaliyar da ke shiga gida-gida an san gidanta, an san la'adarta, idan kaya ya fito da aibi a ƙofarta za a yi sallama. Tauraron waya kuwa sau da yawa yakan ɓoye cewa biyansa aka yi, idan kuma haja ta zama jabu, ba shi da rumfar da za a same shi.

Sakamakon wannan ya riga ya bayyana a ƙasa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana yawaitar mayukan sauya launin fata a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma, alhali suna cikin kayan da ake yawan tallatawa a waɗannan kafofi. A Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rushe da dukiyar jama'a, bayan an daɗe ana yayata shi a intanet. Haka ya faru ne a daidai lokacin da aljihun matasa ya rame, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta 2022 ta wajabta tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 10 ga masu tallata kasuwancin damfara. Amma babu hukumar da za ta iya sa ido kan kowane bidiyo.

Saboda haka nauyin ya dawo kan 'yan kasuwa. Wanda zai ɗauki tauraro haya ya kamata ya gindaya masa sharaɗi a rubuce: ya faɗa wa mabiyansa cewa talla ce, kada ya yaba abin da bai gwada ba, ya kuma nuna sunan kanti da wurin da za a mayar da kaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Jos na iya mayar da wannan ƙa'ida ga membobinsu ba tare da jiran Abuja ba.

Matashin da aka yaudara yana ɗan shekara 20 shi ne magidancin da za a nemi cinikinsa nan da shekaru goma. Idan ya daina yarda, tauraron zai koma wata haja, mai kanti ne zai zauna da asarar.