Waiwaye Adon Tafiya

Idan an gama girbi a Rogo Ruma da sauran garuruwan ƙasar Karaye, aikin gona ya yi sauƙi, magidanta sukan taru a gindin itace su buga dara. Akan haƙa gurbi 30 a ƙasa, jeri biyar na gurbi shida-shida. Wannan ya ɗauki duwatsu 12, wancan ya ɗauki kara 12. Wanda duk ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya, sai ya ci ɗa guda na abokin wasansa.

Yawancin masu kallo abu ɗaya suke tambaya, watau wa zai ci. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan wasa hankali: yaya aka yi wasan ya iso nan? Ga misali. Wani dattijo ya tarad da wasa ya yi nisa. Ya ƙirga ya ga kara tara ne, sai ya san mai duwatsu ya jera uku har sau uku. Aka ce masa yanzun nan aka jera waɗansu duwatsu uku. Ya duba, ya ga guda ɗaya ne kaɗai a cikinsu yake da gurbi wofi kusa da shi. Nan take ya gane shi ne dutsen da aka matsar, daga gurbin nan kuwa ya fito. Bai ga abin da ya faru ba, amma ya san shi, kamar yadda makiyayi yake bin sawun saniyar da ta ɓata.

Akwai wata dara da ake kira ces. Asalinta daga Indiya ne, wajen shekara 1,500 da suka wuce. Ta bi ta Farisa ta shiga hannun Larabawa, daga nan ta isa Turai. A Barno ma an buga irinta, ana ce mata tsatsarandi. Allonta yana da gida 64, rabi farare rabi baƙaƙe. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki, da sarauniya, da giwa biyu, da doki biyu, da ganuwa biyu, da dakaru takwas. Wasa yana ƙarewa sa'ad da aka ritsa sarki, ya rasa wurin gudu.

Wani ritsin yana da ban mamaki. Sarki yana can a kusurwar allo, ganuwarsa tana gefensa, dakarunsa biyu suna gabansa. Yana tsammani ya tsira. Sai dokin abokan gaba, wanda shi kaɗai ne ke iya tsallake 'ya'ya, ya diro ya auna shi. Sarki ya nemi hanya ya rasa, gama mutanensa ne suka toshe ta. Dara ta ci gida ke nan. Wani mutumin Sifen mai suna Lusena ya rubuta irin wannan ritsi a littafinsa tun shekarar 1497.

Masanan ces sun mai da waiwaye wani fanni na musamman. Sukan jera 'ya'ya a allo su ce a faɗi abin da ya gabata. A 1915 wani Bature na Ingila, T. R. Dawson, da abokin aikinsa suka fitar da littafi a kan wannan, a 1979 kuma wani malamin lissafi na Amurka, Raymond Smullyan, ya fitar da nasa.

Ga irin kacici-kacicinsu. Giwa a karkace take tafiya, saboda haka ba ta barin launin gidan da ta fara. Kowa yana farawa da giwa ɗaya a farin gida, ɗaya a baƙi. To, idan aka ga mutum da giwa biyu duk a fararen gidaje fa? Dokar wasa ta ce dakaren da ya kai ƙarshen allo akan yi masa naɗi, ya zama sarauniya, ko ganuwa, ko doki, ko giwa. Ashe ɗaya daga cikin giwayen nan dā dakare ce.

Ya kamata a koya wa yaran makaranta irin wannan tunani. Yaron da ya saba da shi ba ya faɗin magana sai da dalili. In lissafinsa ya ƙi fita, ba zai share duka ba, zai koma baya layi-layi har ya kama inda kuskure ya shiga. Da haka alƙali yake gano gaskiya daga shaida, da haka malamin asibiti yake gano cuta daga alamunta, da haka manomi yake gane ko ɓera ne ko gara ta ɓata masa hatsi a rumbu.

Waɗansu iyaye sukan ce dara aikin malalata ce, tana hana salla da noma, tana jawo caca. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, gama wanda ya bar gonarsa ta yi ciyawa yana zaune a gindin itace ya cancanci zargi. Amma laifin nasa ne, ba na gurbi da dutse ba. Kacici-kacicin waiwaye ba shi da abokin hamayya, balle a sa kuɗi. Minti goma bayan an tashi daga darasi sun isa. Kayan aikinsa kuwa ba sai an saya ba: ƙasa, da tsakuwa, da kara, ko kwali da alli.

Hausawa sun ce amfanin hankali aiki da shi. To, ga aiki: mutumin nan mai giwa biyu a fararen gidaje, dakaru nawa ne iyakar abin da za a iya samu a wajensa, kuma don me?