A Ɗaga Hilux, Amma a Auna Tukuna

A lokacin da na yi SIWES ɗina a wani gareji a nan cikin garin Sakkwato, an kawo wata tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu, irin masu jigilar kaya da mutane zuwa ƙauyukan Tangaza da Gudu. Mai ita ya ce a ɗaga masa gabanta, don rairayi da kwazazzabai sun ishe shi. Ogana ya ƙara ganye biyu a kowane sifirin, ya sa aka yi waldar dogayen ƙarafan rataya shi, kafin la'asar mota ta tashi tsaye, gwanin sha'awa. Na ce, "Baba, ba za a auna sitiyarin ba?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗan boko, mi kas sani? Wanga aiki tun ba a haihe ka ba muka yi nai." Bayan sati biyu motar ta dawo, direban na rantsuwa cewa da ya taka rami sai sitiyari ya fizge hannunsa.

Ra'ayina shi ne, ɗaga mota ba laifi ba ne, hanyoyinmu ne suka tilasta. Laifin shi ne yin aikin da ido kawai, kuma mu ɗaliban injiniya muna da kaso a ciki, don mun san lissafin amma mun bar shi a takardar jarabawa.

Waɗannan motoci ba su da wuyar fahimta. Toyota ta fara fitar da Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma a 1979. Tsofaffin, da Land Cruiser a-kori-kura ta kafin 1999, aksul ɗaya ne ya haɗa tayoyin gaba, yana zaune a kan sifirin mai ganye. Shi ya sa kowane bakanike ke iya taɓa su. To amma duk abin da ke gaban an auna shi ne da tsayin da kamfani ya ba motar.

Idan ka tsawaita ƙarfen da ke rataye sifirin, aksul yakan ɗan juya, sai karkatar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana ta canza; mota ta riƙa yawo a titi. Sandar da ta taso daga akwatin sitiyari zuwa taya ta koma a karkace, shi ya sa rami ke juya tayar ba da izinin direba ba. Tiyon birki ya zama gajere, ranar da taya ta faɗa rami mai zurfi yana iya tsinkewa. Shokobzoba ya ƙure tsawonsa, farfela kuma ta riƙa cin joyin ɗinta. Abin takaicin ma, ƙasan aksul bai tashi ko kaɗan ba, don girman taya ne kaɗai ke ɗaga shi.

Ga lissafin da muka yi tun a ND 1. Juriyar mota ga kifewa ita ce faɗin tsakanin tayoyi a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyinta. A ce faɗin mita 1.4 ne, cibiyar tana mita 0.8, ka samu 0.875. Cibiyar ta tashi zuwa 0.9, ka dawo 0.78. Juriyar ta ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, tun kafin a jibga buhunan albasa, mutane su hau sama. Su waye a saman? Iyayenmu da ƙannenmu ne masu zuwa cin kasuwar Illela.

Wani zai ce makanikai ba za su saurari yaro ba. Gaskiya ne, idan ka je musu da girman kai da Turanci. Ogana ya fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Da kunne yake gane bushin da ya mutu. Abin da ba ya da shi awo ne kawai. Ranar da motar ta dawo, na aza wayata a kan aksul, manhajar auna kusurwa ta nuna masa bambanci da wata Hilux da ba a taɓa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce a yanko ƙarfe mai tsini a cusa tsakanin sifirin da aksul, aka kuma sayo dogon tiyon birki. Tun daga ranar in za a ɗaga mota sai ya ce, "Kira ɗan boko da waya tai."

Don haka ina kira ga sashen injiniyan kanikanci na wannan makaranta tamu ta Umaru Ali Shinkafi: cikin furojet ɗin ƙarshe da muke yi su ƙare a sito suna shan ƙura, a ware wasu ga wannan matsala. A auna motocin da ke tashoshinmu, a ƙera ma'auni mai arha, a buga takarda guda da Hausa mai nuna abin da za a duba bayan an ɗaga mota. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta gayyato shugabannin makanikai su zo wokshof ɗinmu, mu ma mu je garejinsu.

Kai kuma da za ka tafi SIWES bana, kar ka tsaya wanke sifana kawai. Ka tafi da tef ɗin awo a aljihunka, ka gaida Oga da ladabi, ka roƙe shi a auna kafin a kunna injin walda.